Baba Tafireta da Ƙwayoyin da Na Cike

Ƙarfe bakwai saura kwata Baba Tafireta yake shigowa makaranta, ko ana ruwa ko ana rana. Yakan jingine kekensa a bayan ofis, ya gaisa da mai gadi, ya buɗe ɗan ɗakin nan na ƙarshen baranda, mai taga ɗaya da kabad na ƙarfe. Kafin ya zauna sai ya yaye zanen da yake lulluɓe kwamfuta da shi, ya ninke shi gida huɗu, ya goge tebur, ya goge tabarau, sannan ya yi bismillah. Shekara talatin da shida ke nan yana buga takardun makarantar. Da tafireta ya fara. Aka zo aka ɗauke ta aka kawo kwamfuta, amma sunan ya ƙi barinsa. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki.

Na san wannan tsari nasa ne saboda wata uku na yi ina zama a ɗakin nan, kuma ba don ƙauna ba. Gadinsa nake yi. Ɓarawo na ɗauke shi. Gara in faɗa tun yanzu, don wanda zai karanta ya san daga bakin wa yabon ya fito.

Maigidana shi ne malamin kiɗa na makarantar, shi ya kafa badujalar ɗalibai, masu ƙaho da ganguna. Bara ya rasu, Allah ya jiƙansa. Abin da ya bari mai nauyi a wurinsa shi ne wani littafi mai baƙin bango, inda ya rubuta duk kiɗan da ya ƙirƙira da fensir. Rubutun kiɗa ba kamar namu ba ne. Layuka ne biyar-biyar a kwance, da ƙwayoyi kamar wake sun hau kansu, yawanci da wutsiya. Wasu ƙwayoyin a tsaye suke ɗaya bisa ɗaya, biyu ko uku. Waɗannan yakan kira su masu goyo, ya ce tare suke fita, kamar mutum uku su amsa sallama baki ɗaya.

Kwana biyu kafin ya cika ya ce mini, “Littafin nan amana ne a hannunki. Fensir ba ya daɗewa. Ki kai wa Tafireta.”

Rabin farko na maganar na riƙe. Rabi na biyu na ce zafin ciwo ne. Ai shekara da shekaru ba ya dawowa gida sai da ƙorafin mutumin nan: Tafireta ya cika nawa, Tafireta taurin kai, Tafireta ya dawo mini da takarda a kan waƙafi ɗaya. Yaya zan ɗauki amana in kai wa wanda kullum faɗa suke yi?

Da ’yan zaman makoki suka watse gida ya yi shiru, na buɗe littafin na ga gaskiyarsa, fensirin ya fara koɗewa. Na sayi baƙin biro. Kullum da rana in na gama aiki sai in zauna a tabarma in bi rubutunsa a hankali, layi-layi. Duk ƙwayar da na ga cikinta ya yi fari na ce wannan ta riga ta koɗe, na cike ta tsaf ta koma kamar ’yan uwanta. Shafi goma sha ɗaya na yi, biro ya ƙare.

Sai ga sabuwar malamar kiɗa, wadda aka ba aikinsa, ta zo gaisuwa. Ta ce ɗaliban da suka haddace kiɗan marigayi sun kusa gama makaranta, in suka tafi ba a juye littafin ba, shi ke nan. Ta ce a sa shi a kwamfuta, Baba Tafireta ya yarda zai yi.

Ƙanen mijina yana nan ranar. Direba ne, in ka ji bakinsa ba abin da bai sani ba a duniya. Tana fita ya ce, “Matar yaya, ki buɗe idonki. Abin da ya shiga kwamfuta ya shiga duniya. Gobe sai ki ji kiɗan yaya a rediyo da sunan wani ƙato.”

Maganar ta zauna mini. Na aika wa malama cewa na yarda, amma littafin ba zai kwana a hannun kowa ba. Ni zan kawo shi, ni zan tafi da shi.

Ranar farko Baba ya miƙe ya ba ni kujerarsa mai laushi, ya jawo benci. Ya yi mini gaisuwa, ya karɓi littafin da hannu biyu. Ya buɗe shafin farko ya daɗe yana kallo.

“Uwargida, wa ya bi wannan da biro?”

“Ni ce. Da magana ne?”

Ya cire tabarau ya goge, ya mayar. “Hannunki bai karkace ba,” ya ce.

Ashe shi ma bai iya kiɗa ba. Da bakinsa ya faɗa: “Ni ban san daɗinsa ko rashin daɗinsa a takarda ba. Abin da na gani nake bugawa.” Marigayi ne ya nuna masa yadda ake yi kafin ciwo ya kwantar da shi. Da linzamin kwamfuta ake aikin, ɗan abin nan kamar sabulu da ake turawa a kan tebur, wata ’yar kibiya tana bin sa a allo. A gefen allon akwai jerin ƙwayoyi iri-iri. Sai ya fara zaɓar irin wadda yake so, ya ja kibiyar zuwa layukan nan biyar, inuwar ƙwayar tana biye da ita sama da ƙasa. In ta zo daidai ya danna, ƙwaya ta zauna. In masu goyo ne, sai ya ajiye ta ƙasa, ya koma daidai kanta, ya ɗan hau, ya sake dannawa, ya ƙara hawa ya ajiye ta uku. Hannu ya goce da faɗin gashi ɗaya, ta faɗa layin da ba nata ba, a goge a sake.

Ga shi hannunsa na dama yana rawa, tsufa ya kama shi. Sai ya riƙe wuyan hannun da na hagu, kamar mai taimaka wa mara lafiya shan ruwa. Ya ɗora rula a littafin yana ƙirga a fili: “Layi na biyu. Tsakanin na uku da na huɗu.” Ƙwaya ɗaya, dannawa ɗaya. Littafin kuwa shafi sittin da wani abu ne. Aikin makaranta yana nan yana jiransa, don haka sai lokacin hutun tara da bayan an tashi yake samun yi.

Ni ina gefe ina ƙirga nawa. Ƙwaya nawa a layin littafi, ƙwaya nawa a allo. Ko ɗaya ba ta taɓa ɓata ba, amma hankalina bai kwanta ba, don akwai abubuwan da nake gani.

Yakan ɗauki littafin ya je bakin taga ya karkata shi ga rana, ya kawo fuskarsa har hancinsa na neman taɓa takarda. Me yake nema? Na ce ko yana zaton marigayi ya ɓoye wani asiri ne. In zai saurari abin da ya buga kuma, sai ya sa abin ji a kunne, shi kaɗai. Na ce a kunna in ji, ya ce, “Bai nuna ba tukuna, Uwargida.” Rannan ina ɓare gyaɗa sai na ji ya ce, kamar da wasa, “Wannan ta shafi na uku, yaya ma take farawa? Ɗan rera mini.”

“Wanda ke takarda bai ishe ka ba, sai ka haɗa da na bakina?”

“Allah ya ba ki haƙuri,” ya ce, ya koma kan linzaminsa.

Sai na shiga bincike. Na ce ba mutumin da zai shekara talatin a wuri ɗaya bai bar wari ba. Na fara da mai gadi. Ya ce, “Baba? Shekarar da ’yarsa ta cikinsa za ta rubuta jarrabawar fita, shi ya buga tambayoyin. Sati biyu bai yarda ta kawo masa abinci ofis ba, a nan ƙofa nake karɓa. Ta faɗi lissafi, ta maimaita aji. Uwarta ta yi wata ba ta yi masa magana ba.”

Na koma wurin mai shara. Ta jingine tsintsiya ta ce wani shugaban makaranta da aka taɓa yi ya rubuta takardar korar wani malami cikin fushi, ya sa kwanan wata ba daidai ba. Baba bai gyara ba, bai kuma buga ba. Ya mayar masa ya ce a duba. Kafin a duba fushi ya huce, malamin yana nan har yau. Ta ce, “Ba ya gyara wa mutum magana a bayan idonsa. Ko wasali ne sai ya tambaya.”

Maimakon in ji sanyi, sai na ƙara tsorata. Na ce wanda ya iya ɓoye halinsa haka, lallai gwani ne.

Abin da ya ƙarasa ni shi ne ranar da na lura kiɗa ɗaya yana da gida biyu a kwamfutar. Ya buɗe wannan ya rufe, ya buɗe wancan, duk shafi na uku. Ga shi kuma na sha shigowa in same su da malama suna magana ƙasa-ƙasa, suna ganina su yi shiru. Na gaya wa ƙanen mijina. Ya buga cinya ya ce, “Ban faɗa ba? Ɗaya naki, ɗaya na kasuwa.”

Shafi na uku kuwa ba kamar sauran ba ne a wurina. A samansa marigayi ya rubuta “Ta safe”. Shi yake busawa a tsakar gida da ƙahonsa, a hankali don kada ya dami maƙwabta, lokacin da nake shara. Shekara ashirin da bakwai ina jin sa. Bai taɓa koya wa ɗalibai shi ba.

Ranar wata Talata na zo da ƙanen mijina. Mun tarar an kira Baba ofishin shugaba, malama ce kawai a ɗakin. Na ce ta kunna mini abin da aka buga, a fili, ba a kunne ba. Ta buɗe wani daga tsakiyar littafin, kiɗan da ɗalibai suke maci da shi. Yana tashi na gane shi. Shi ne, ba ragi ba ƙari, har wurin da masu goyo suke haɗuwa su cika ɗaki.

Na ce, “Saura shafi na uku.”

“Mama, a jira Baba.”

“Kunna.”

Ta kunna. Abin da ya fito ban san shi ba. Yana gudu, ya tsaya cak, ya sake gudu, kamar mai shaƙuwa. Wuraren da maigidana yake jan numfashi har in kai ƙofar kicin da tsintsiya, nan an datse su. Daidai nan Baba ya shigo da takardu a hannu.

Ban san na iya ɗaga murya haka ba. “Duk littafin ba wanda ka ga damar lalatawa sai nawa? Ka ajiye mai kyau za ka sayar, ka bar mini gurgu! Yana raye ka hana shi sakat, ya mutu ma ba ka ƙyale shi ba?”

Ƙanen mijina ya ce, “A kira shugaba! Yau sai an buɗe cikin kwamfutar nan.”

Baba ya ajiye takardun a tebur. Malama ce ta kasa haƙuri. Ta jawo littafin ta buɗe shafi na uku, ta buɗe na tsakiya, ta riƙe su kusa da juna.

“Malama, bari,” in ji Baba.

“Ba zan bari ba, Baba, an zage ka a gabana. Mama, dubi nan. Kin ga waɗannan ƙwayoyin masu fari a ciki?”

“Na gani. Sun koɗe. Biro ne ya ƙare mini.”

“Ba koɗewa suka yi ba. Haka ake rubuta su. Baƙa gajeriya ce, bugu ɗaya. Mai fari a ciki doguwa ce, ana jan ta. A shafukan da kika bi, duk kin mayar da su baƙaƙe. Kwamfuta kuma in lissafin bai cika ba, shiru take cusawa a gurbin. Shi ne tsayawar da kika ji.”

Na dubi shafin. Baƙaƙe ƙirin, a jere, tsaf-tsaf, aikin hannuna. Na zauna a bencin Baba. Amanar da aka bar mini, ni na shaƙe ta, ina zaune a tabarma ina ganin gyara nake yi. Ƙanen mijina ya duba agogo ya ce ya tuna ya bar mota a rana.

Na ce, “Tun ranar farko ka sani.”

“Na sani.”

“Me ya hana ka faɗa?”

“Uwargida, na ga yadda aka bi layukan nan. Shafi goma sha ɗaya ba kuskuren hannu ko ɗaya. Na ce wadda ta yi wannan, abin da take ɗauke da shi ya ishe ta. In na iya gyarawa, sai in gaya miki bayan ya gyaru.”

Sai ya nuna mini komai. Gida na farko, abin da idonsa ya gani ne a takarda, bai taɓa ko ɗaya ba. Gida na biyu, abin da yake zaton marigayi ya rubuta. Ya kai ni bakin taga ya karkata shafin. Ashe fensir yana ƙyalli a ƙarƙashin tawada in rana ta doke shi a kaikaice. Inda ƙyallin ya cika ƙwayar, dama baƙa ce. Inda ya yi zobe kawai, doguwa ce na cike. Haka ya bi su ɗaya-ɗaya da idon da tabarau ma bai ishe shi ba. Inda ya kasa gani, malama ta tambayi manyan ɗalibai. Shafi goma sun gyaru.

“Saura na uku,” ya ce. “A nan kin fi danna biro, kuma ba wanda ya san shi. Ba zan yi wa abokina ƙarya a kiɗansa ba. Ke kaɗai kika san inda yake jan numfashi.”

Abokina. Na ce, “Ai kullum faɗa kuke yi.”

Ya yi dariya har da tari. “To da wa zan yi? Shi kaɗai ne a makarantar nan yake karanta abin da na buga har ƙarshe.”

Kwana tara muka yi a kan shafi na uku. Tun rasuwar ban rera shi ba, ranar farko ko layi ɗaya ban kai ba. Baba ya kashe kwamfuta ya ce gobe ma rana ce ta aiki. Daga baya murya ta zauna. In rera, malama tana buga bugun da yatsa a tebur, ta ce wannan doguwa ce. Baba ya riƙe wuyan hannunsa, ya je gefen allo ya zaɓi mai fari a ciki, ya dawo ya ajiye ta a gurbin baƙar. In masu goyo ne sai ya bi su duka ukun. A kunna, in ce a’a, ya fi haka ja, a nan nakan tsaya in kwashe shara. A sake. Ko sau ɗaya bai yi tsaki ba.

Da muka zo ƙwayar ƙarshe, ya tura mini linzamin. “Wannan ke za ki sa.”

“Zan ɓata.”

“A nan in an ɓata ana gogewa, Uwargida. Ba biro ba ne.”

Na kama linzamin. Sau biyu tana faɗawa layin da ba nata ba. A na uku ta zauna, fara tas a ciki. Malama ta kunna daga farko. Na rufe ido, na ji tsakar gidana.

Baba Tafireta, kai ne mai riƙon amanar da ba a ba ka a hannu ba. Kai ne na zauna a kujerarka wata uku ina ƙirga maka ƙwaya kamar ɓarawon wake, kana gaishe ni kullum da fuska ɗaya. Kai ne na zaga a gaban malama, sa’ar ’yar cikinka, ka zaɓi a kira ka maci amana a kan ka nuna mini abin da hannuna ya yi. An buga littafin, shafi sittin da huɗu, na duba daga bango zuwa bango, sunan maigidana ne kaɗai a kai. Na tambaye ka ina naka, ka ce mai buga takarda ba ya sa hannu a wasiƙar wani. To ni na sa maka a nan.

Na gode. Na nemi gafararka a ɗakin nan, ina sake nema a gaban jama’a, don zagin ma ba a ɓoye na yi shi ba. Allah ya ba ka hutu mai daɗi, ya kwantar da rawar hannun nan, ya sa a rufa maka asiri yadda ka rufa mini.

Ku da kuke zaune a gaban kwamfuta ana kawo muku takardun mutane, ku leƙa ɗakin ƙarshen baranda kafin wata ya ƙare. Ku ga yadda ake buga abin da aka gani, a tambayi abin da ba a gani ba, a kuma tausaya wa wanda ya kawo aikin ko da shi ya ɓata shi. Mu kuma masu kaiwa, mu rage saurin kiran mutum ɓarawo.

Ranar sallamarsa badujalar ɗalibai za ta busa shafi na uku, karo na farko a wajen gidana. Ni na ce a yi. Malama ta ce yaran suna ƙorafi wai ƙwayar ƙarshe ta yi tsawo, numfashi yana ƙare musu. Na ce su ja ta haka nan. Haka mai ita yake jan ta, sai na ajiye tsintsiya.